Filtocin Lee a bakin teku: Big Stopper ko Little Stopper don hoton hasumiya da faɗuwar rana?

Hoton nan da ake yawan gani, teku ya kwanta lumui, hasumiyar fitilar jiragen ruwa na tsaye cak a gefe, sama kuma ta yi jawur, yawanci ba a kwamfuta aka haɗa shi ba. Baƙin gilashi ake sa wa a gaban lensi ya tare mafi yawan haske, sai shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ta daɗe a buɗe, duk abin da ke motsi ya narke, abin da ke tsaye ya fito tar. Cikin masu ƙera irin wannan gilashi, kamfanin Lee Filters da ke garin Andover a Ingila ya daɗe da yin suna, musamman tun 2010 da ya fitar da Big Stopper. Kayan da za mu duba su ne mariƙin filta na LEE100 da zoben da ke ɗaure shi a bakin lensi, da Big Stopper, da ƙanensa Little Stopper, da filtoci masu rabin duhu. Inda za mu auna su kuwa shi ne gaɓar Mashigin Tekun Gini: hasumiyar Jamestown a Akra, ta Cape St. Paul a Woe kusa da Keta, ta Cape Three Points, da ta Kribi a Kamaru.

Kaya ne masu inganci, wannan babu musu. Amma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne wanda zai fi kwana a jaka. Laifin ba na gilashin ba ne, wurin da muke a doron ƙasa ne ya jawo haka.

A arewacin Birtaniya, a watan Yuni, rana a karkace take sauka, kuma hasken da ke biyo bayan faɗuwarta yakan kai awa guda. Mai hoto a can yana da sararin buɗe shota minti 4, ya duba, ya gyara, ya sake. Akra kuwa digiri 5 da rabi kacal take arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kribi ma ta fi ta kusa. A nan rana a miƙe take nutsewa. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ruwa zuwa ɓacewar kanta minti 2 ne da 'yan daƙiƙu, hasken da za a iya aiki da shi bayan nan kuma bai wuce minti 21 zuwa 23 ba. A Akra tana faɗuwa tsakanin wajen 5:40 na yamma a farkon Nuwamba da wajen 6:20 a Yuli, to duk aikin da za ka yi yana cikin minti 45 ɗin da suka kewaye wannan lokaci.

Ga yadda lissafin yake. Big Stopper yana rage haske mataki 10 (kowane mataki yana rage rabin haske), wato duk lokacin da kyamara ta ba ka sai ka ninka shi sau 1,000 da ɗoriya. Little Stopper mataki 6 ne, ninki 64. A ce kana kan ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske) da f/11 (girman buɗewar lensi). Minti 20 kafin faɗuwar rana, idan sama ta washe, kyamara za ta iya ba ka 1/60 na daƙiƙa: da Little Stopper ya zama daƙiƙa 1, da Big Stopper daƙiƙa 15. Rana na taɓa ruwa, lokacin ya sauko wajen 1/15: daƙiƙa 4 ke nan da ƙaramin, minti 1 da babban. Bayan minti 10, daidai lokacin da gajimare ya fi yin ja, kana wajen 1/4: ƙaramin ya ba ka daƙiƙa 16, babban ya nemi minti 4 da wani abu. Kuma minti 4 ɗin nan ba za su isa ba, domin haske yana raguwa tun shota na buɗe, sai ka ƙara rabin mataki ko mataki guda a kan lissafi, ka koma minti 6 zuwa 8. Idan ka bar tsarin rage dusar hoto na doguwar ɗauka a kunne, kyamara za ta sake cinye daidai wannan lokaci tana ɗaukar baƙin hoto, kai kuma kana tsaye kana kallon jan sama yana dushewa. Hoto ɗaya ka samu a yammacin, kuma in an yi rashin sa'a igiyar ruwa ta girgiza ƙafa-uku da ke riƙe da kyamara a minti na 3, shi ke nan sai gobe.

Akwai kuma maganar kamannin ruwan kansa, wadda ta fi lissafi muhimmanci. Gaɓar nan igiyarta babba ce, daga can kudancin Atlantika take tasowa, tana fashewa da ƙarfi ta shimfiɗa farar kumfa a kan rairayi sannan ta janye. Kyawun hoton yana cikin janyewar nan. Tsakanin 1/4 da daƙiƙa 1, kumfar da ke komawa takan zana fararen zare-zare da ke jan ido daga ƙasan hoto zuwa hasumiya. Ana danna shota ne daidai lokacin da ruwa ya gama hawa ya fara komawa, ba lokacin da yake tahowa ba. Daga daƙiƙa 2 zuwa 8 zaren ya fara haɗewa, ruwa ya yi laushi amma har yanzu ana gane inda igiya take. Da zarar an wuce daƙiƙa 30 sai komai ya zama fari fat kamar an zuba nono a faranti. A inda akwai duwatsu, irin na Cape Three Points, wannan farin yana da kyau domin baƙin dutse yana tsaga shi. A shimfiɗaɗɗen rairayi irin na Woe kuwa babu abin da zai tsaga shi, sai rabin hoto ya zama fanko. Little Stopper yana ajiye ka cikin daƙiƙa 1 zuwa 16 a daidai lokacin da ake buƙata, kuma in kana son 1/2 sai ka ɗaga ISO zuwa 200 ko ka buɗe zuwa f/8. Wasu sukan ce ai sai a tsuke lensi zuwa f/22 a huta da sayen filta. Mataki 2 kawai za a samu a kan f/11, hoton ya rasa kaifi, kuma duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ta bayyana ɗigo-ɗigo a sama.

Idan rana tana cikin hoton, Big Stopper ya ƙara fita daga lissafi. Rana tana tafiyar faɗin kanta cikin minti 2, don haka a daƙiƙa 30 ta gusa kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta. A lensin 16mm ba za a lura ba, amma a 200mm, inda ake son ta fito babba kusa da hasumiya, sai ta zama doguwa maimakon zagayayya. A kuma kiyaye: waɗannan ba filtocin kallon rana ba ne. Kada a leƙa ta tagar ido ta kyamara mai madubi alhali dogon lensi na fuskantar rana, ko da gilashin ya sa ta yi kamar ta dushe. A yi amfani da allon baya.

Wannan ba ya nufin Big Stopper ba shi da rana. Wurinsa shi ne daga la'asar zuwa minti 30 kafin faɗuwar rana, ko ranar da hadari ke gudu a sama. A nan kyamara takan ba da 1/125 ko 1/250, shi kuma ya mai da su daƙiƙa 8 ko 4, in ka tsuke kaɗan ka kai 30, gajimare ya ja dogayen layuka a bayan hasumiya, masu yawo a bakin ruwa su ɓace daga hoton. Sai dai an san shi da sa wa hoto shuɗi-shuɗi. A RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, gyaransa ba wuya, ana ɗaga ma'aunin launi zuwa wajen 8,000K har 10,000K, amma mai ɗaukar JPEG zai ga jan yamma ya koma ruwan toka. Little Stopper ma yana da ɗan sanyin launi, ko da yake bai kai na yayansa ba. Kamfanin yana da jerin ProGlass IRND waɗanda launinsu ya fi tsayawa daidai, kuɗinsu kuma ya fi yawa. Wani abin da ba a cika faɗa ba: duhun kowane gilashi yakan ɗan saɓa da lambar da aka rubuta. Kafin tafiya, da tsakar rana lokacin da haske ba ya canzawa, ɗauki hoton bango babu filta, sake ɗauka da filta bisa lissafi, ka gwada histogiram ɗin biyun, wato jadawalin haske da kyamara ke nunawa. In naka ya fi duhu da sulusin mataki ko rabi, rubuta a jikin gwangwanin da yake zuwa a ciki. Katin lissafin da ke cikin gwangwanin da manhajar waya ta kamfanin duk suna ɗauka gilashinka mataki 10 ne cif.

Jerin aikin da kansa ba shi da yawa, amma tsallake ɗaya yana ɓata hoto. Ana tsara hoto a saita lensi tun kafin a zura baƙin gilashi, domin bayan an zura kyamara ba ta gani sosai, za ta yi ta kai da komo tana neman saiti. A 24mm da f/11 a kan cikakkiyar sensa, saiti a mita 3 yana kamo daga kusan mita 1 da ɗan kai har hasumiya. Sai a mai da lensi kan saitin hannu, a kashe mai hana girgiza, a karanta lokacin shota, a lissafa. Gilashin yana da siririn soso a bayansa, kuma dole ya shiga tsagin da ya fi kusa da lensi, soson na kallon kyamara. In aka sa shi a tsagi na biyu, haske zai zurara ta gefe ya bar jan tabo ko hazo a tsakiyar hoto. Haka ma tagar ido ta kyamara mai madubi: a rufe ta da murfinta ko baƙin tef, musamman idan rana na bayanka. Abin da ya wuce daƙiƙa 30 sai an koma Bulb, tsarin da shota ke zama a buɗe har sai ka rufe ta, da rimot na waya ko manhaja, ba da yatsa ba.

Mariƙin LEE100, wanda ya fito a 2019, ya fi tsohon sauƙin sha'ani. Mara nauyi ne, yana zuwa da tubala masu tsagi 1, 2 ko 3 da ake cirewa a sauya. Abin da ya fi amfani a bakin teku shi ne shuɗin makullin da ke gefe, mai matsayi uku: a sake, inda mariƙi ke juyawa kuma ana iya cire shi nan take, rabin kulle, yana juyawa amma ba ya fita, da cikakken kulle. A bar shi a rabin kulle. Gilashi mai kaurin milimita 2 in ya faɗo kan dutse ba ya tashi, kuma hannu mai danshin gishiri santsi gare shi. A lura kuma lokacin zurawa, gefe biyu su shiga tsagi ɗaya, domin a duhun almuru da gaggawa abu ne mai sauƙi gefe ɗaya ya shiga na farko ɗayan ya shiga na biyu. Ga lensi mai faɗin gani, daga 24mm zuwa ƙasa, a sayi zoben da aka yi domin irinsa, wanda yake jawo mariƙi baya kusa da lensi, a kuma tsaya a tsagi 2. Zobe na gama-gari da tsagi 3 zai baƙanta kusurwoyin hoto. Lensin da gilashin gabansa ya kumburo waje, marar zaren ɗaura filta, ba ya karɓar wannan tsari sam, sai babban tsarin SW150.

Yanzu ga inda hasumiya ke kawo cikas. Filta mai rabin duhu, mai faɗin 100 da tsawon 150 a milimita, samanta baƙi ne ƙasanta garau, aikinta ta rage hasken sama ya daidaita da na ƙasa. Lambobinta 0.3, 0.6 da 0.9 suna nufin mataki 1, 2 da 3. Ga teku zalla, wadda aka rubuta wa Hard, mai duhun da ke yankewa kai tsaye, ita ce ta dace, domin layin da ya raba sama da ruwa a miƙe yake. To amma hasumiya tana ratsa wannan layi ta shiga sama. Ta Jamestown mita 28 ce, mai launin ja da fari, an gina ta a shekarun 1930 a madadin ta 1871. Ɗora mata 0.9 Hard, sai gindinta ya fito fari tas, daga tsakiya zuwa sama ya yi dauɗa-dauɗa, kuma layin da duhun ya fara yana nan a jikinta kowa na gani. Wadda ake kira Reverse ND, mai tsananin duhu a tsakiya daidai inda rana take, ta fi muni a nan, domin baƙin ɗamara take ɗaura wa hasumiyar. Amfaninta sai a Kribi in an juya wa hasumiya baya ana ɗaukar rana da teku kawai.

Mafita ta danganta da inda ka tsaya. In hasumiya na tsakaninka da rana, ka bar ta ta zama baƙar inuwa gaba ɗaya, filta ba za ta cuce ta ba. Ta Cape St. Paul, wadda aka kafa a 1901, ta fi kowacce dacewa da wannan, domin ƙafafun ƙarfe ne a buɗe, jan sama yana ratsowa ta tsakaninsu. In kana son launin jikin hasumiya ya fito, to 0.6 Medium ko Soft, masu duhun da ke dushewa a hankali, a karkata mariƙi kaɗan yadda duhun zai fi sauka ta ɓangaren rana ya kauce wa ginin. Kada a wuce gona da iri: auna sama a gefen rana, auna jiƙaƙƙen rairayi, in bambancin mataki 3 ne to filtar mataki 2 za a sa. Hoton sama da ke kwance a jiƙaƙƙen rairayi dole ya fi saman kanta duhu, in ya fi ta haske ido yana gane an yi algus ko da mai kallo bai san dalili ba. Hanya ta uku ita ce a ajiye filtar a ɗauki hoto biyu, ɗaya don sama ɗaya don ƙasa, a haɗa a kwamfuta. Gaskiya ga hasumiya wannan ya fi tsabta, kuma kyamarorin yanzu a ISO 100 suna ba da damar ɗago inuwa mataki 2 ko 3 ba tare da hoto ya lalace ba. Shi ya sa mai rabin duhu ba ta cikin abin da za a fara saya.

Sau da yawa ma ba a buƙatarta, saboda gaɓar Gana kudu take kallo. Baƙo yakan zo Akra da zaton rana za ta faɗa cikin teku, sai ya ga ta faɗa bayan gidaje. A Yuni tana faɗuwa wajen digiri 23 arewa da yamma sak, can cikin gari. A Disamba ne take komawa digiri 23 kudu da yamma, ta sauka kusan a kan layin gaɓar. A yawancin shekara, abin da ya fi a Jamestown shi ne ka tsaya yamma da hasumiya, rana na bayanka ko gefenka, hasken ƙarshe ya dafa ja da farin jikinta, teku da gajimaren gabas na bayanta. A haka bambancin sama da ƙasa kaɗan ne, Little Stopper shi kaɗai ya wadatar. Kribi ce ke kallon yamma, hasumiyarta da Jamusawa suka gina a 1906 tana kusa da bakin kogin Kienké, kuma a can rana cikin ruwa take faɗawa. Cape Three Points, ƙarshen Gana ta kudu, yanki ne da ya kutsa cikin teku, hasumiyarsa ta 1925 na kan dutse, don haka akwai zaɓin kusurwa fiye da sauran.

Disamba ɗin da rana ke daidaita da gaɓar Akra kuwa shi ne lokacin da hunturu ke isowa har bakin teku. Ƙurar da muka sani a Kano da Damagaram ita ce dai, ta ɗan yi sauƙi. Rana takan zama farin faifai ta ɓace cikin hazo tun da sauran tazara tsakaninta da ruwa, sama ba ta yin ja, launin ƙasa-ƙasa take yi. A irin wannan yamma mai rabin duhu ba ta da aiki, shuɗin Big Stopper a kan hazo kuma yana ba da launi marar daɗi. Dogon lensi babu filta, hasumiya da faifan rana, shi ne hoton hunturu. Jan sama na gaske sai yammacin da aka yi ruwa aka ɗauke, a damina, wajen Afrilu zuwa Yuni da kuma Oktoba.

Babban abokin gabar wannan kaya gishiri ne. Iskar gaɓar nan yawanci daga kudu maso yamma take busowa, wato daidai inda lensi ke kallo. Feshin da ido ba ya gani yana sauka a kan filta, cikin minti 5 zuwa 10 hoto ya fara yin dishi-dishi, rana ta yi wani kewayen hazo, kuma a ƙaramin allo ba lallai a lura ba sai an koma gida. Filta mai kusurwa huɗu ta fi zagayayya shan wannan wahala, domin faɗinta ya fi yawa, ba ta shiga cikin hular lensi, kuma in an jera biyu feshin yana shiga tsakaninsu. Rufe gaban kyamara da leda ko hular wanka tsakanin ɗauka da ɗauka yana rage abin. Wajen gogewa a yi hattara. Su Stopper gilashi ne, suna da ɗan juriya, amma masu rabin duhu na rezin ne, wani irin roba, ƙwayar rairayi ɗaya a cikin ƙyalle ta isa ta ja musu layin da ba ya gogewa, kuma layin yana ƙyalli duk lokacin da aka fuskanci rana. A fara hure rairayi da famfon roba, a ɗiga ruwa mai tsabta, ko na leda ne, sannan a dangwala da ƙyalle mai laushi. Busasshen ƙyalle a kan gishiri shafe shi kawai yake yi. A riƙe ƙyalle 3 ko 4 a leda mai zif cikin aljihu, wanda ya jiƙe a ajiye shi gefe. A gida a wanke na rezin da ruwa, Stopper kuma a goge shi ba tare da an jiƙa sosonsa ba, a bar komai ya bushe kafin a rufe tare da 'yan ƙullin silika, don danshin gaɓar teku yana haifar da fumfuna a lensi. Wanda ya fito daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyi ya ba kayansa minti 20 a cikin jaka a waje, in ba haka ba gilashi zai yi gumi.

Duk tsadar filta, in ƙafa-uku ta motsa an yi asara. Jiƙaƙƙen rairayi yana zaizayewa a ƙarƙashin ƙafa duk lokacin da ruwa ya janye, kyamara ta nutse a hankali, hasumiya ta fito biyu-biyu. A danna kowace ƙafa santimita 10 zuwa 15 har ta tsaya, a bar igiya biyu su wuce kafin a fara, ko a sa murfin bokitin fenti ko tsohon faifan CD a ƙarƙashi. Kada a ɗaga sandar tsakiya, domin filtar 100 da 150 tana kama iska sosai. Jakar da ake ratayawa don nauyi sai ta taɓa ƙasa, in tana lilo ƙara girgiza take yi, igiyar wuyan kyamara ma a naɗe ta. Tashi da saukar teku a nan bai kai mita 2 ba, amma jefi-jefi igiya ɗaya takan zarce 'yan uwanta da nisa, ruwan kuma yana ja da ƙarfi, don haka ba a juya wa teku baya, ba a kuma ajiye jaka a inda rairayi yake da danshi. Kwale-kwalen da ke kan ruwa ba ya fitowa a doguwar ɗauka, sai dai tabo. A yawancin gaɓar Gana masunta ba sa fita ranar Talata, jiragensu masu zane na jere a kan rairayi ba motsi, to ranar ce ta sa su a gaban hoto. A yi sallama a nemi izini tukuna, wurin sana'arsu ne. Kusa da tashar jiragen ruwa ma a tambayi masu gadi kafin a kafa ƙafa-uku. Sannan lokacin nan na Magariba ne, ita kuma ba ta jira: a zo da alwala, a zo mutum biyu, ɗaya ya tsare kaya.

Fitilar hasumiya, in tana aiki, sai an zare duk wani Stopper za ta fito da kyau, domin walƙiyarta gajera ce, mataki 6 ma ya isa ya kashe ta. Tsakanin minti 15 da 25 bayan faɗuwar rana haskenta yake daidaita da na sama. Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, sai ka ƙirga da agogo daƙiƙa nawa zagaye ɗaya yake ɗauka, ka buɗe shota aƙalla tsawon haka a f/8 da ISO 200 ko 400. Wannan zai ba da fitila mai haske a kan hasumiya. Mai son sandar haske ta fito a miƙe cikin iska kuwa sai ya yi akasin haka, rabin daƙiƙa ko ƙasa, f/2.8 ko f/4, ISO 1600 zuwa 3200, kuma sai akwai feshi ko ƙura a iskar da hasken zai kama.

Filtar kashe ƙyalli da ke maƙalewa a gaban LEE100 ba ta da wani tasiri a sama idan ana fuskantar rana, kuma tana goge hoton jan sama daga jiƙaƙƙen rairayi, abin da aka zo nema. A kan jiƙaƙƙun duwatsu da rana a gefe tana da amfani. Ba ta gaggawa ba ce.

Kuɗin Lee ba na wasa ba ne, kuma daga waje ake yin odarsa, ga kuɗin dako ga haɗarin fashewa a hanya. Mai lensi ɗaya da ba ya nufin sayen mai rabin duhu, zagayayyar filta ND64, mai rage mataki 6, mai ɗaurawa da zare, irin ta Hoya ko K&F Concept, za ta yi masa aikin Little Stopper a kan kuɗi kaɗan, ba ta zurarar haske, tana zama cikin hular lensi, feshi kuma bai cika samunta ba. Illarta sai an kwance ta duk lokacin da za a sake saiti, kuma rairayi yana shiga zaren ya cije. A guji mai juyawa da ake ƙara wa duhu, domin a faɗin gani takan zana baƙin gicciye a sama idan an kai ta ƙarshe. Lee yana biyan kuɗinsa ne ga mai lensi biyu ko uku masu baki daban-daban, da mai son zurawa da zarewa cikin daƙiƙa 2 yayin da haske ke gudu. Irin wannan ya fara da mariƙi da zobe da Little Stopper, in kuɗi ya samu ya ƙara 0.6 Medium, Big Stopper kuma sai ya tabbatar yana aikin la'asar ko na duwatsu. Kafin oda a duba lambar da ke bayan alamar ø a bakin kowane lensi, 67 ce ko 77 ko 82, a sayi zobe ɗaya ga kowanne a bar shi a ɗaure da murfinsa, don kada a tsaya murza zare da yatsu masu rairayi a minti 20 na ƙarshe.